Coci, Jam'iyya da Lamiri: Tarihin Ƙuri'ar 'Yan Mormon a Amurka

A ranar 6 ga Agusta 1838, a wani ɗan gari da ake kira Galatin cikin jihar Mizuri ta Amurka, waɗansu manoma baƙi suka zo wurin zaɓe domin su jefa ƙuri'a, 'yan ƙasa suka tare musu hanya suka ce faufau ba za su jefa ba, magana ta yi tsami har aka kai ga sanduna. Baƙin nan su ne mabiyan Joseph Smith, mutumin da ya yi da'awar an yi masa wahayi, ya kafa cocinsa a jihar Niyok a 1830, waɗanda duniya ta fi sani da 'yan Mormon saboda sunan littafinsu. Maƙwabtansu suna da ƙorafi iri-iri a kansu, na aƙida da na filaye, da kuma cewa galibinsu daga arewa suka fito inda ba a riƙon bayi. Amma abin da ya fi tayar wa masu neman sarauta hankali shi ne, mutanen nan idan suka zo zaɓe ba su zuwa ɗai-ɗai kowa da ra'ayinsa, sai dai su zo jama'a guda, su zuba ƙuri'unsu ga wanda shugabanninsu suka nuna. Kafin watan Oktoba na wannan shekara ya ƙare, Gwamna Lilburn Boggs ya ba da umarni a rubuce cewa a kore su daga jihar ko kuwa a ƙarar da su, umarnin da ba a soke shi a hukumance ba sai a 1976.

Da suka ƙetare kogin Misisipi suka sauka a jihar Ilinoi, suka gina birninsu Nabu, sai Smith ya tafi Washinton a 1839 ya kai kuka ga Shugaba Martin Van Buren, yana neman a biya jama'arsa diyyar gonaki da rayukan da suka salwanta. Abin da 'yan Mormon suka ruwaito shi ne, shugaban ya amsa cewa gaskiya tana wurinsu, amma ba shi da abin da zai yi musu, domin in ya taimake su zai rasa ƙuri'un Mizuri. Daga nan suka fahimci cewa ɗan siyasa ƙidaya yake yi, ba ya auna haƙƙi, saboda haka suka mai da ƙuri'arsu garkuwa, suna ba wannan jam'iyya yau, gobe su ba waccan, gwargwadon wadda ta yi musu alkawarin kariya. A zaɓen ɗan majalisa na 1843 Smith ya yi wa lauyansa Cyrus Walker, ɗan jam'iyyar Wig, alkawarin ƙuri'arsa. Ana gab da zaɓe sai wansa Hyrum ya tashi a bainar jama'a ya ce an nuna masa cewa maslaha tana ga zaɓen abokin takararsa Joseph Hoge na Dimokurat, jama'a kuwa suka bi Hyrum, Hoge ya ci. Wanda aka kayar ya ƙullace su, wanda aka ɗaga kuma bai amince da su ba, tun da ya ga yadda ƙuri'ar take juyawa cikin dare ɗaya. A farkon 1844 Smith ya tsaya takarar shugabancin ƙasa da kansa, amma bai kai ga zaɓe ba, domin bayan majalisar birninsa ta sa an farfasa injin wata jarida da ta fallasa auren mata da yawa da yake yi a ɓoye, aka tsare shi a kurkukun Kartej, inda gungun mutane suka afka suka harbe shi tare da Hyrum ranar 27 ga Yuni.

Hijirar da magajin Smith, Brigham Young, ya jagoranta zuwa kwarin Tafkin Gishiri na yankin Yuta a 1847 ta nisanta su daga maƙwabta, amma ba ta raba su da siyasa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne abin al'ajabi a tarihin gaba ɗaya: jam'iyyar Rifablikan, wadda a yau ake ganin kamar ita da 'yan Mormon ba su rabuwa, ita ce babbar abokiyar gabarsu tun ranar da aka haife ta. A manufofin da ta fitar a 1856 ta haɗa bauta da auren mata da yawa, ta kira su tagwayen saura na jahiliyya waɗanda wajibi ne a kawar daga yankunan tarayya. Abraham Lincoln ne ya sa hannu a dokar farko ta haramta wannan aure a 1862. Aka ƙara tsananta ta a 1882, aka riƙa ɗaure magidanta. Sa'an nan a 1887 aka rushe rajistar cocin, aka ƙwace dukiyarsa, aka kuma karɓe wa matan Yuta haƙƙin ƙuri'a da suke da shi tun 1870. A duk tsawon wannan fitina siyasar Yuta ba ta san Rifablikan ko Dimokurat ba. Akwai Jam'iyyar Jama'a, wadda ta 'yan coci ce, akwai kuma Jam'iyyar Libaral ta waɗanda ba 'yan coci ba, kowa kuwa ya san inda zai jefa ƙuri'arsa tun daga ranar da aka yi masa baftisma.

Da matsi ya kai matuƙa, shugaban cocin Wilford Woodruff ya yi shelar daina ɗaura irin wannan aure a 1890; amma Washinton ba ta gamsu ba, domin ba za ta mai da Yuta cikakkiyar jiha ba matuƙar coci ne yake riƙe da akwatin zaɓe. Saboda haka a 1891 aka rushe Jam'iyyar Jama'a, aka ce wa mabiya kowa ya shiga ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ƙasa biyu. To, a nan sai wata mas'ala ta taso. Talakawan coci, waɗanda ba su manta da wanda ya ɗaure iyayensu ba, suka kama hanyar Dimokurat. Shugabanni kuwa suka hango cewa in aka bar abin haka, tsohuwar husumar za ta dawo da sabon suna, su a Dimokurat, abokan gabarsu a Rifablikan, alhali kuwa ana bukatar yardar 'yan Rifablikan a majalisar ƙasa kafin a sami matsayin jiha. Sai manyan coci irin su Joseph F. Smith da John Henry Smith suka shiga zaga ƙauyuka suna lallashin mutane su zama 'yan Rifablikan. Har yau akwai hikaya a bakin mutanen Yuta cewa waɗansu limamai sun raba jama'arsu a ɗakin ibada, na dama su tafi wannan jam'iyya, na hagu su tafi waccan. Ko ta faru ko ba ta faru ba, yadda aka riƙe ta ana maimaitawa ya nuna abin da mutane suka fahimta, watau har 'yancin zaɓen jam'iyya ma da umarni aka ba su shi. Yuta ta zama jiha ta 45 ranar 4 ga Janairu 1896.

A cikin wannan yanayi aka sami mutumin da ya fara biyan farashin lamirinsa, kuma abin lura shi ne ba jam'iyya ya saɓa wa ba, coci ya saɓa wa. Tsarin cocin nan shi ne shugaba guda wanda, bisa aƙidarsu, annabi ne mai karɓar wahayi, da mataimakansa biyu, sa'an nan majalisar mutum goma sha biyu da suke kira manzanni. Moses Thatcher ɗaya ne daga cikin sha biyun nan, ɗan Dimokurat ne mai kaifin harshe, ya kuma ɗauki maganar raba coci da siyasa da gaske fiye da yadda waɗanda suka furta ta suka nufa. A 1895 jam'iyyarsa ta tsai da shi neman kujerar majalisar dattawa, ta tsai da malamin coci B. H. Roberts neman ta wakilai, dukansu ba su nemi izinin shugabanni ba. Aka yi musu gugar zana a taron coci, mabiya suka gane inda aka dosa, Dimokurat ta sha kaye. A watan Afrilu 1896 aka kawo takarda wadda ta wajabta wa duk mai babban muƙami a coci neman izini kafin ya karɓi takara. Hujjar shugabanni ba marar ƙarfi ba ce, domin wanda ya ba da lokacinsa ga hidimar addini bai kamata ya ɗauki wani nauyi ba da sanin abokan aikinsa ba. Roberts ya yi ta kokawa da zuciyarsa makonni, daga bisani ya sa hannu. Thatcher ya ƙi, yana ganin cewa izinin da ake iya ba ɗan wannan jam'iyya a hana ɗan waccan, linzami ne aka sa wa siyasar jiha. Kafin shekara ta ƙare aka cire shi daga cikin sha biyun, a shekarar da ta biyo kuma ya rasa kujerar dattawan da yake nema, bai tsira da zamansa ɗan coci ba sai da ya miƙa wuya. Da Reed Smoot, wani manzon kuma ɗan Rifablikan, ya nemi wannan izini, an ba shi, ya shiga majalisar dattawa a 1903, ya jure binciken shekaru a kan ko mutumin da ya yi mubaya'a ga coci zai iya riƙe amanar ƙasa, ya kuma zauna a kujerar har shekara talatin.

Wanda ya tsaya a nan zai zaci mabiyan cocin nan tumaki ne, duk inda aka kaɗa su nan za su bi. Shekarun 1930 sun ƙaryata wannan zato. Da talaucin duniya ya sauka a kan manoma da masu haƙar ma'adinai na Yuta, sai suka kayar da Smoot a 1932, duk da manzancinsa, suka zaɓi wani malamin jami'a ɗan Dimokurat, Elbert Thomas, shi ma ɗan coci. Shugaban coci Heber J. Grant ya roƙe su kada su yarda a soke dokar haramta giya, ga shi addininsu ya hana shan ta, amma Yuta ce jiha ta 36 da ta amince da sokewar ranar 5 ga Disamba 1933, watau ita ce ta cika adadin da ake bukata. A 1936 jaridar coci, Deseret News, ta fito ƙarara a shafin farko tana adawa da Franklin Roosevelt, mutanen Yuta kuwa suka ba shi kusan kashi 70 cikin ɗari, suka kuma zaɓe shi duk sau huɗun da ya tsaya. Zamanin nan, a ganina, shi ne lokacin da ƙuri'ar ɗan Mormon ta fi zama tasa ta kansa.

Mutum biyu na tsakiyar ƙarnin sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne Arthur Watkins, tsohon alƙali, ɗan coci, ɗan Rifablikan mai wakiltar Yuta a majalisar dattawa, wanda a 1954 aka ɗora wa shugabancin kwamitin da zai binciki ɗan jam'iyyarsa Joseph McCarthy, mutumin da ya shafe shekara huɗu yana jefa wa jama'a ƙazafin kwaminisanci, har manyan ƙasa suna tsoron inuwarsa. Watkins ya gudanar da zaman kamar kotu, ya hana McCarthy irin hargowar da ya saba, kwamitin ya ba da shawarar a tsawatar masa. Majalisa ta amince da ƙuri'a 67 a kan 22, 'yan Rifablikan kuwa suka rabu gida biyu daidai wa daida. Bayan shekara huɗu tsohon gwamnan jihar, J. Bracken Lee, ya tsaya takara ba da jam'iyya ba ya raba ƙuri'un masu ra'ayin riƙau, Watkins ya faɗi. Dalilan faɗuwar tasa suna da yawa, amma magoya bayan McCarthy ba su taɓa yafe masa ba. Na biyu shi ne George Romney, gwamnan Mishigan, wanda a 1964 ya ƙi goyon bayan ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa, Barry Goldwater, saboda Goldwater ya jefa ƙuri'ar ƙin dokar daidaita haƙƙin baƙar fata. Tsayuwar Romney ta fi nauyi in aka tuna cewa a lokacin cocinsa yana hana baƙar fata limanci, hanin da ba a ɗage ba sai a 1978, kuma ɗaya daga cikin manzanni, Delbert Stapley, ya rubuta masa wasiƙa yana jan kunnensa a kan wannan fafutuka. Ya saɓa wa jam'iyya da dattijon coci a shekara guda. Ɗansa Mitt, yana da shekara goma sha bakwai, yana wurin babban taron jam'iyyar na wannan shekara.

Shekarar 1964 ɗin nan ita ce ta ƙarshe da Yuta ta zaɓi ɗan Dimokurat a shugabancin ƙasa. Abubuwan da suka juya ta sanannu ne: tsoron kwaminisanci, wanda manzo Ezra Taft Benson, ministan noma a gwamnatin Eisenhower, ya riƙa wa'azi a kansa, halatta zubar da ciki da kotun ƙoli ta yi a 1973, rigimar gyaran tsarin mulki a kan daidaiton maza da mata, wanda coci ya fito ya yaƙa daga 1976, da kuma arzikin da ya shigo, ya mai da jikokin manoma 'yan kasuwa. Sannu a hankali aka wayi gari mutum yana jin nauyin faɗin cewa shi ɗan Dimokurat ne a tsakanin abokan ibadarsa, har a 1998 wani babban jami'in coci, Marlin Jensen, ya yi hira da jarida yana nuna takaicin wannan karkata; Harry Reid na Nebada kuwa, wanda ya jagoranci masu rinjaye a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2015, ya sha jin 'yan'uwansa na coci suna tababar imaninsa saboda jam'iyyarsa kawai. Da Mitt Romney ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a 2012, coci da jam'iyya da lamiri duk suka fuskanci alƙibla ɗaya, Yuta ta ba shi kusan kashi 73.

Donald Trump ne ya raba su. Mutanen da ba su shan giya ko gahawa, masu ƙyamar batsa da alfahari, suka ga jam'iyyarsu ta ɗauko musu tsohon mai gidajen caca. Da ya yi kira a watan Disamba 2015 cewa a hana Musulmi shiga Amurka, cocin, wanda ba ya cika tsoma baki a takara, ya fitar da sanarwa a kan 'yancin addini, yana tunatarwa da wata dokar birnin Nabu ta 1841 wadda ta ambaci Musulmi cikin waɗanda aka lamunce wa yin ibadarsu. Jama'ar da aka taɓa ba da umarnin a ƙarar da ita ba ta bukatar a fassara mata irin wannan kira. Gwamnan Yuta, Gary Herbert, ya ƙi bin sahun takwarorinsa na Rifablikan da suka ce ba su karɓar 'yan gudun hijirar Siriya. A watan Maris 2016 Romney ya yi jawabi a Jami'ar Yuta ya kira Trump mayaudari, a zaɓen fidda gwani na jihar kuma Trump ya tashi da kashi 14 kacal. Da wani faifai da aka naɗi muryarsa yana batsa ya fito a Oktoba, Herbert da ɗan majalisa Jason Chaffetz suka janye goyon bayansu, Sanata Mike Lee da jaridar coci suka ce ya sauka. Amma ba a yi wata guda ba Chaffetz ya ce shi dai zai jefa masa ƙuri'a. Ranar zaɓe Evan McMullin, ɗan coci da ya tsaya ba da jam'iyya ba, ya sami kashi 21, Hillary Clinton 27, Trump kuwa ya ci jihar da 45. A 2020 ya koma 58, kuma a yaƙin neman zaɓen wannan shekara Lee ɗin da ya ce ya sauka shi ne ya tsaya a dandali a Arizona yana kwatanta shi da wani gwarzo na littafinsu.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa waɗanda suka koma ba duka ne munafukai ba. Da yawansu sun kafa hujja da abin da malaman fiƙihu suka sani, wato idan sharri biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi: suka ce halin mutum nasa ne, amma alƙalan da zai naɗa za su yi hukunci a kan zubar da ciki da 'yancin addini har bayan mutuwarsa. Wannan ma lamiri ne, ba kuma mai iya shiga zuciyar wani ya auna. Abin da tarihi yake iya aunawa shi ne abin da kowa ya rasa. Sanata Jeff Flake na Arizona, shi ma ɗan coci, ya soki Trump a littafi da kuma a zauren majalisa, ya ga ba zai tsallake zaɓen fidda gwani ba, ya sanar a Oktoba 2017 cewa ba zai sake tsayawa ba. Romney, bayan ya zama sanatan Yuta, ya tashi ranar 5 ga Fabrairu 2020 ya ce ya yi rantsuwa a gaban Allah zai yi hukunci ba son kai, ya jefa ƙuri'ar tsige Trump, ya zama sanata na farko a tarihin ƙasar da ya yi wa shugaban jam'iyyarsa haka. Ya maimaita a 2021, a taron jam'iyya na jiharsa kuma aka yi masa ihu, yunƙurin tsawatar masa bai faɗi ba sai da ƙyar, 798 a kan 711. Rusty Bowers, kakakin majalisar Arizona, wanda ya zaɓi Trump ya kuma yi masa yaƙi, da aka buga masa waya bayan zaɓen 2020 ana so ya taimaka a sauya wakilan jihar masu zaɓen shugaban ƙasa, ya nemi a kawo masa hujjar maguɗi, ba a kawo ba, ya ce ba zai karya rantsuwarsa ba. Jam'iyyarsa ta tsawatar masa, a watan Agusta 2022 kuma aka kayar da shi mugun kaye, wanda ya kayar da shi ɗin kuwa ɗan cocinsu ne.

A watan Yuni 2023 shugabannin coci suka aika wasiƙa a karanta wa mabiyansu na Amurka, suna cewa zaɓen jam'iyya guda daga sama har ƙasa, ko zaɓe bisa taƙalidin gado ba tare da binciken 'yan takara ba, haɗari ne ga dimokuraɗiyya. Cocin da a 1843 kalma ɗaya daga bakin ɗan'uwan shugabansa ta isa ta juya zaɓe, yau shi ne yake roƙon mabiyansa su yi wa kansu ijtihadi, kuma bisa ga abin da ya biyo baya, biyayyar da ya horar da su a kanta jam'iyya ce ta gaje ta. A zaɓen Nuwamba 2024 Yuta ta ba Trump kashi 59 cikin ɗari, mafi yawan abin da ya taɓa samu a jihar, Romney kuwa, wanda bai nemi wa'adi na biyu ba, ya bar majalisar dattawa a watan Janairu 2025.